Gwangwanin da ke Aljihun Kawu Bobbo

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Bobbo ruwa ya san abin da zai biyo baya. Ba zai sha ba. Sai ya karɓi kofin da yatsu biyu, ya ɗaga shi saitin rana, ya rufe ido ɗaya, ya juya hagu ya juya dama kamar mai neman allurar da ta faɗa ciki. In kofin roba ne, ya ce a sake masa a na gilashi. A gidan biki ya yi, a gidan makoki ya yi. Ranar da ya je Adarawo nema wa ɗansa aure ma bai fasa ba, har uban yarinyar ya gaji ya ce, "Malam Bobbo, ruwa fa muka ba ka. Yarinyar tana ciki."

Kawu ya ce, "Ita ma da za ku ba ni in ɗaga a haske, da hankalina ya fi kwanciya."

Shekaranjiya wajen addu'ar arba'in ɗinsa kun ce in tashi in faɗi wani abu a cikin mata, tunda ni ce na fi daɗewa a bayansa. Na tashi, bakina ya ƙi, hannuna ya kama rawa, na koma na zauna. Ku yi haƙuri. Ga shi na rubuta. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Ma'u, 'yar ƙanwarsa. Ga wanda a masallaci kawai ya san shi, Kawu ya ƙarar da rayuwarsa ne yana aiki a lab, ɗakin da ake gwada ruwa da abinci a cikin Yola.

Ni da mahaifiyata Dada mun iso gidansa a unguwar Damilu da ke Jimeta shekarar da garinmu ya watse, bayan kwana huɗu a ƙafa ta bayan duwatsu. Baba bai iso ba, har yau. Wannan ba zan yi maganarsa a nan ba. Abin da zan faɗa shi ne tun ranar hannuwana suka daina jin maganata. In iska ta buga ƙofar langa-langa, sai dai a ciro ni a ƙarƙashin gado. Kowa tausayina yake ji. A ba ni rubutu, a yi mini hayaƙi, a ce "sannu Ma'u" sau hamsin a wuni.

Ban da Kawu. Wata safiya na kawo masa shayi, kafin in ƙaraso rabinsa yana cikin faranti, kofi na ta ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai! Ashe an kawo mana janareto gidan nan. Ga ƙara, ba wuta."

Dada ta fashe da kuka. Matarsa Goggo Dija ta ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah!" Ni kuwa haushi ne ya kama ni, wani irin haushi har kunnuwana suka yi zafi. Sai daga baya na lura, wata biyu ke nan, wannan ne abu na farko da na ji a raina wanda ba tsoro ba.

Washegari ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Janareto, sa hijabinki. Mashin ɗin girgiza kwalabe ya lalace a wajen aiki, ke kuma kyauta kike yi."

Wallahi da gaske yake! Kwalba ya miƙa mini, ya ce in riƙe minti goma, kada in yi komai.

Wanda bai shiga lab ɗin Kawu ba bai san Kawu ba. Maikiroskop ɗinsa, mai nuna abin da ido ba ya gani, da tsohon zanin Goggo Dija yake lulluɓe shi, Hajiya Babba yake ce masa, kuma ba a buɗe shi sai an wanke hannu. Takardar goge madubinsa, wadda ba ta kai tafin hannu ba, gida huɗu yake raba ta da almakashi. Robobin da kamfani ya rubuta a jikinsu a yi aiki da su sau ɗaya a yar, shi wankewa yake ya shanya a taga kamar kayan jarirai. In an yi magana ya ce, "Wanda ya rubuta a yar, shi ke sayarwa."

Sai sifektiro, wani akwati fari kamar ƙaramar firinta. Aikinsa shi ne ya harba haske ta cikin ruwa, ya auna yawan hasken da ruwan ya haɗiye, ya nuna lamba. Daga lambar nan ake sanin abin da ke narke a ciki. Ruwan kuwa ana zuba shi ne a wata 'yar kwalba mai kusurwa huɗu, tsawon ɗan yatsa, ana ce mata kubet. Kawu na da na roba da yawa. Amma yana da wasu guda biyu na kwaz, wani dutse mai tsarkin gani kamar ƙanƙara, waɗanda ya sa wa suna Hassana da Husaina. A cikin auduga suke kwana, cikin wani tsohon gwangwanin alawa, a aljihun ƙirjinsa. Kun tuna yadda yake dafa ƙirji in zai shiga keke ko zai yi ruku'u? Wasu sun ɗauka ciwon zuciya ne. Tagwayen yake dubawa. Ba wanda ya taɓa taɓa su. Wani babban ofisa ya taɓa miƙa hannu zai ɗauka bayan ya gama cin kilishi, Kawu ya buge hannun ɓas, ya ce, "Ranka ya daɗe, haske bai san babbar riga ba. Maiƙo kawai yake gani."

A nan na gano asalin maganar nan da ya ishe mu da ita: "An sa sifiri?" Kafin a auna komai, sai an fara zuba tataccen ruwa wanda ba komai a cikinsa, a sa a mashin, a danna har ya nuna sifiri. In ba a yi haka ba, dattin kwalbarka za ka auna ka ɗora wa ruwan mutane. To Kawu bai bar maganar a lab ba, har gida ya kawo ta. Ranar nan maƙwabciya ta aiko da miya, Goggo Dija ta ɗanɗana ta taɓe baki ta ce ɗaci gare ta.

Kawu ya ce, "Kin sa sifiri? Yanzu kika tofar da goro. Kurkure baki tukun, sannan ki yanke wa matar mutane hukunci."

"Malam, bakina ba mashin ba ne."

"Na sani. Mashin ana kashe shi."

Kwana biyu tuwonsa ba man shanu.

Sale mai ruwa fa, wanda ke turo mana kura kowace safiya, yana nan da ransa, ku tambaye shi. Kawu ya ɗaga ruwansa a haske kwana uku a jere yana tsaki. Sale ya rantse ya maya cewa ruwan bohol ne, ko madara ba ta fi shi tsabta ba. Kawu ya ce, "To bari mu je ka gaida 'yan hayarka." Ya sa shi a keke har Yola. Ya kankaro koren da ke gindin jarkar Sale, ya ɗiga a ɗan gilashi, ya buɗe Hajiya Babba, ya ce, "Leƙa."

Sale ya leƙa. Ya ja da baya har ya ture kujera. Ya sake leƙawa.

"La ila! Alhaji, motsi suke! Ga wani can mai gashi yana bin wani!"

"A jarkarka suke."

"Wallahi ba ni na zuba su ba!"

"Ba ka zuba ba, amma ba ka kore su ba. Yaushe rabonka da wanke jarka?"

Sale ya sake kallon madubin, ya girgiza kai ya ce, "Ashe shi ya sa kurar nan take mini nauyi a hawan Damilu."

Tun daga ranar, duk Juma'a da tsakuwa da sabulu yake wanke jarkokinsa, in yana talla ya ce, "Ruwa, ba 'yan haya!"

Ta kwalli kuwa, mata kun fi ni sani. Ranar sunan jikansa ya ga an rambaɗa wa jariri kwalli, ido baƙi wuluk. Washegari Goggo Dija ta nemi tandun kwallinta sama da ƙasa. Yana lab. Ina tsaye Kawu ya narkar da kwallin a asid, ya tsarma da ruwa, ya kunna ɗayan mashin ɗin, mai zuƙar ruwa ya fesa cikin harshen wuta don gano ƙarfen da ke ciki. Lamba ta tashi ta wuce abin da mashin ke iya karantawa. Sau uku yana ƙara tsarmawa. Dalma ce, irin ta cikin batirin mota, mai taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Ya dawo gida da tandu a hannu kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo da kaya. Goggo Dija ta saurare shi har ya gama, sannan ta gyara ɗauri ta ce, "Da wannan kwallin dai na kama ka."

"Ashe guba aka sa mini! Shi ya sa shekara talatin da biyar ban farfaɗo ba." Ya miƙa mata. "Ke ki ci gaba, ni an riga an gama da ni. Amma jariri, a'a. Shi hannu yake sawa a ido ya kai baki."

Daga nan duk gidan suna a layinmu, da an ji ƙarar silifas ɗinsa sai ka ji mata na raɗa: "Ga Malam Bobbo, a ɓoye tandu!" Suna dariya, amma ku duba jariran layin yanzu, idonsu fari tas.

Yanzu ga wanda nake so in faɗa shekaranjiya na kasa.

Bayan tashin bam ɗin da aka yi a kasuwa, wanda daga tsakar gida muka ji ƙararsa, na rantse ba ni ba tsakiyar Jimeta. Ko lab za mu, sai mai keke ya zagaya da mu ta bayan gari, Kawu na mita amma yana bari. An kusa shekara a haka.

A lokacin akwai mutanen da suka gudo kamar mu, suna zaune a wani kango bayan layinmu. Sun haƙa rijiya, sun haƙa masai, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Jariransu suka fara ciwo, ba ƙarfi, leɓe na yin duhu. Kawu ya ɗaga ruwan a haske, garau yake. Ya ce shi ne abin tsoron. Yana zargin naitiret, wani gishiri da ke tsiyayowa daga masai, ba launi ba wari. Shi kuma ba a kama shi sai da irin hasken da ido ba ya gani, hasken da roba da gilashin banza ke haɗiyewa. Sai Hassana da Husaina.

Ga shi taransufomar unguwar lab ɗinmu ta ƙone. Sai dai a je lab ɗin Anti Rifkatu, tsohuwar ɗalibarsa, can ɗaya gefen Jimeta. Ita tana da wuta, amma Kawu ya ce nata kubet ɗin na kwaz duk sun fashe. Hanyar kuwa ɗaya ce, ta bakin kasuwa.

Na ce, "Kawu, ni ba zan iya ba."

Ya ce, "Ban tambaye ki ba. Hannuna biyu ne, duka suna kan kula." Ya rungumi kular da kwalaben ruwan ke ciki, ya nuna mini wani abu a ƙunshe cikin hankici da haɓarsa. "Ɗauki. A hannu, ba a jaka ba."

Gwangwani ne. Irin na tagwayen sak. Amma da na dubi ƙirjinsa sai na ga aljihun a kumbure yadda ya saba. Na ce a raina, tsohon nan wayo, na robar ya ba ni don ya ja ni, tagwayen suna wajensa. Mutumin da ya buge hannun ofisa zai ba janareto? Da wannan na shiga keke.

Ƙarfe goma na safe, rana ta riga ta buɗe, mun kusa kasuwa aka ce kowa ya sauka a shingen bincike. Wani soja ya nuna kular. "Baba, mene a ciki?"

"Ruwan rijiya."

"Buɗe ka sha mu gani."

Kawu ya dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, shekara arba'in ban sha ruwan da ban yarda da shi ba. Wannan kuwa masai ne maƙwabcinsa. In kana jin ƙishi, bismilla."

Sojan ya yi dariya ya ce mu wuce. Muka shiga cikin mutane a ƙafa. Kafaɗa na gogar kafaɗa, masu baro na ihu, ni kuwa duk wanda na gani da jaka sai in kauce masa. Ina bin bayan rigar Kawu ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Sai kawai na ji GUM!

Ban san lokacin da na faɗi ba. Na dai ji ƙasa a bakina, na ji ƙafafu na gudu ta gefena, na ji wata mata na kiran sunan ɗanta. Na ce shi ke nan, abin da na baro ya biyo ni. Ban san tsawon lokacin ba. Can na ji muryarsa a kaina.

"Janareto. Tayar tifa ce ta fashe. Tashi."

Na buɗe ido. Yana tsaye, kula a rungume, hularsa a cikin kwata. Kowa ya watse, shi bai matsa ko taku ɗaya daga inda nake ba.

"A hankali," ya ce. "Wannan hannun kuma bar shi yadda yake, daidai ne."

Sai a lokacin na gani. Fuskata a ƙasa, gwiwata ta ƙuje, amma hannuna na dama yana miƙe sama, riƙe da gwangwani, ko ƙura bai taɓa ba.

Da muka isa, Anti Rifkatu ta ba ni ruwa, na sha ban ɗaga a haske ba, Kawu ya kau da kai. Ya kwance hankicin, ya buɗe gwangwanin a gabana. Hassana da Husaina, kwance cikin auduga suna ƙyalli.

"Kawu! Na gasken ne?"

"To na wasa zan kawo wa jariran mutane?"

"Na aljihunka fa?"

Ya zaro wani gwangwanin ya girgiza. "Goro."

Na ce, "Da na fasa fa?"

"Da na hana ki nama wata guda. Wanke hannu, ke za ki zuba."

Na nuna masa hannuwana, suna rawa kamar ganye. Ya ce, "Ni ban ce ki daina ba. Na ce ki kafa gwiwar hannu a kan benci. Riƙe ta gefen da ya dushe, ba ta gefen haske ba. Fitar da numfashi. Zuba." Na zuba tataccen ruwa. Ɗigo ɗaya ya zuba a benci, sauran suka shiga. Na rufe murfi, na danna. Sifiri, sifiri, sifiri. Sannan na zuba na rijiyar. Lambar ta yi tsalle, Anti Rifkatu ta dafe kai, Kawu ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake." Sau uku, lamba ɗaya.

A ranar ya tara dattawan kangon aka rufe rijiyar da langa-langa, Sale ya riƙa kai musu kura biyu kullum, aka kai jariran asibiti da takardar sakamako a hannu. A ƙasan takardar, inda ake rubuta wanda ya yi gwaji, Kawu ya rubuta sunana cikakke. Ba Janareto ba. Dawowa ma ta kasuwa muka biyo, har ya tsaya ya ciro hularsa.

Kun san yadda ya tafi. Bayan la'asar, a kan tabarmarsa, ba ciwo ba jinya. Tun ranar rawar hannun ta dawo mini sabuwa, har na fara cewa a raina ko duk shi ne ke riƙe da ni.

Shekaranjiya da na kasa magana, Anti Rifkatu ta ja ni bayan ɗaki. Ta ce, "Ma'u, akwai abin da Oga ya hana ni faɗa, amma yanzu ba zai iya buge hannuna ba. Ranar nan da kuka zo, kubet na kwaz guda huɗu ne a durowana, lafiyayyu."

Na ce, "Taransufomar fa?"

"Wannan da gaske ya ƙone. Oga ba ya wasa da yara marasa lafiya. Amma da safe ya kira ni ya ce, Rifkatu, kulle naki, in yarinya ya tambaya, sun fashe. Na ce, Oga, shekara ashirin ko ni ba ka bari na taɓa naka ba, in ya yar fa? Ya ce, Rifkatu, dutse ne. In ya fashe zan yi kuka kwana uku. Ita wannan yarinyar kullum ce mata ake sannu, ba wanda ya ba ta abin da za ta riƙe."

Jiya Goggo Dija ta kira ni ɗakinta, ta ciro gwangwanin daga aljihun rigarsa ta ƙarshe ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ungo kishiyoyina. Ni sun ishe ni." Muka yi dariya, muka yi kuka, kwallinta duk ya zubo.

Fom ɗin makarantar koyon aikin lab da ya sa na cika tun kafin azumi yana ƙarƙashin katifata, an kusa rufe karɓa. Ofishin yana bayan kasuwa. Gobe da safe zan kai, ni kaɗai, ba ta bayan gari ba. Hannun zai yi rawa, na sani. Zan kafa gwiwar hannu.

Allah ka jiƙan Kawu Bobbo. Ka yafe masa bakinsa, ka dubi zuciyarsa. Yadda ya tsaya a kaina ranar da kowa ya gudu, ka sa rahamarka ta tsaya a kansa. Ka haskaka masa kabarinsa, ka shayar da shi daga Alkausara, ruwan da ko shi zai karɓa ya sha bai ɗaga ba. Amin.